Yadda Ake Zaɓar Wa Mai Yawan Tafiya Kyautar Da Ba Za Ta Zame Masa Kaya Ba

Da wuya ka samu dangin da babu mutum ɗaya a cikinsu wanda ƙafarsa ba ta zama. Wani ɗan Kantin Kwari ne, yau yana Guangzhou gobe yana Dubai. Wani direban tirela ne tsakanin Kano da Apapa. Wata Hajiya ce mai saro atamfa da leshi, wani kuma ma'aikaci ne da ke bin jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu duk ranar Litinin, ya dawo wa iyali ranar Juma'a. Irin waɗannan mutane mun saba su ne ke kawo mana tsaraba, mu namu karɓa da godiya. Ranar da muka tashi ramawa sai mu saya musu shadda, ko agogon bango, ko ƙatuwar kwalbar turare. Ba laifi ba ne, amma duk za su zauna ne a ɗakin da mai shi bai cika kwana a ciki ba.

Kyautar matafiyi tana da sharaɗi guda da sauran kyaututtuka ba su da shi: sai ta samu wuri a jaka. Jakar kuwa cike take tun kafin ka zo da naka, kuma duk abin da ya shiga sai wani ya fita. Don haka ga yadda za ka bi.

Mataki na farko: san hanyarsa kafin ka doshi kasuwa

Ka amsa wa kanka tambaya uku. Da me yake tafiya, jirgin sama ne, mota ce, ko jirgin ƙasa? Ina yake zuwa? A ina yake kwana idan ya isa, otal ne, gidan ɗan'uwa ne, ko kuwa a cikin motar yake kwana?

Waɗannan amsoshin su ne za su raba maka kasuwar gida biyu. Mai bin jirgin sama kilo ne damuwarsa. Yawancin kamfanonin jiragen ƙasashen waje kilo 23 suke ba kowane akwati a kujerar talakawa, jakar hannu kuma wajen kilo 7. Ɗan kasuwar da zai dawo da samfurin kaya daga ƙasar Sin kowane rabin kilo kuɗi ne a wurinsa. Direban babbar mota kuwa nauyi bai dame shi ba. Abin da ya dame shi ƙura, zafi, sanyin asuba da girgizar hanya, saboda haka shi ƙarko yake nema.

Kada ka tambaye shi kai tsaye me yake so. Bahaushe zai ce maka “Haba, kada ka wahalar da kanka,” magana ta mutu a nan. Ka saurari hirarsa idan ya dawo. A cikin ƙorafin da yake yi ana dariya ake gane buƙatarsa: waya ta mutu masa a Jebba ba a same shi ba har gari ya waye, an caje shi kuɗin ƙarin kaya a filin jirgi, ya shiga banɗaki a wata ƙasa ya tarar babu ruwa sai takarda. Idan kuna da kusanci, ka tambayi matarsa ko yaron motarsa. Su suka san zif ɗin wace jaka ne ya lalace, kuma wace caja ce ake ɗaure ta da roba.

Mataki na biyu: cire abubuwan da za a ƙwace ko su jawo masa tsaiko

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi jawo ɓacin rai, don haka bari mu daɗe a kansa.

Duk abin da yake ruwa-ruwa, idan kwalbarsa ta wuce mililita 100, a mafi yawan filayen jiragen sama ba zai wuce wurin bincike a jakar hannu ba. Girman kwalbar ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba. Turare, humra, man shafawa, zuma, man shanu, duk suna ciki. Idan kana son ba Hajiya humra mai kyau, ka sa a zuba ta a ƙananan kwalabe masu murfin murɗawa, a naɗe bakin da leda. Babbar kwalba sai dai ta shiga akwatin awo, a can kuwa jifa ake yi da kaya, kuma humra idan ta fashe a cikin leshin sayarwa an yi asara biyu.

Wuƙa, aska, almakashi mai dogon baki, da irin ƴar wuƙar nan mai naɗewa da ke da mabuɗin kwalba da sukundireba a jikinta, duk ba sa shiga jirgi a hannu. Direba zai ji daɗinta sosai. Mai bin jirgi kuwa a kwandon ma'aikatan bincike za ta ƙare.

Sai abinci, wanda shi ne kyautar da hankalinmu ya fi zuwa kanta. Kilishi da dambun nama guzuri ne na gaske ga mai bin hanyar Legas, Fatakwal, Yamai ko Kumasi. Amma ƙasashen Tarayyar Turai da Ingila sun hana matafiyi shiga da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, Amurka ma tana ƙwacewa, kuma wanda ya ɓoye bai bayyana ba yana iya cin tara. Saboda haka ɗalibin da zai koma Landan kada a ɗaure masa kilishi don ƙauna. A ba shi yaji, garin kuka, busasshiyar kuɓewa, a kuma rubuta sunan kowanne a jikin ledar, ya bayyana su idan an tambaye shi.

Mai zuwa Hajji ko Umara kada a ba shi goro. Saudiyya ta hana shiga da shi, kuma hukumar alhazai ta NAHCON tana nanata wannan gargaɗi duk shekara. Tsohon da ya saba da goro zai ji ba daɗi, amma hakan ya fi a tsare shi a Jidda. Magunguna ma a yi hattara. Tramadol da duk abin da ke da kodin a ciki suna iya kai mutum gidan yari a Saudiyya, Dubai da Masar idan babu takardar likita. Haka garin maganin gargajiya da aka ƙulle a leda ba suna ba bayani: kai ka san na basir ne, ma'aikacin kwastam bai sani ba.

Daga nan sai doka ɗaya da ba ta da togiya: kada ka miƙa wa matafiyi ƙunshi a rufe. Kyautar biki ake naɗewa da takarda mai ƙyalli. Ta matafiyi a buɗe ake ba shi, ya gani da idonsa, ya sa a jaka da hannunsa. An sha kama bayin Allah a filayen jirgi da ƙwayoyin da ba su san da su ba, saboda sun karɓi saƙo a rufe don kunya. Idan ka ba shi a buɗe, ka sauƙaƙa masa ya riƙe wannan ƙa'ida a kan kowa ba tare da ya ji nauyin kowa ba.

Mataki na uku: fara da wuta da waya

Idan ka rasa abin saya, fawa bank ba ta taɓa zama asara. Amma akwai lissafi. Kamfanonin jirage ba sa yarda a sa ta cikin akwatin awo, dole a jakar hannu take tafiya, kuma iyakar da aka saba yarda da ita ba tare da neman izini ba ita ce 100Wh, wato ma'aunin yawan wutar da batirin ke ɗauka. Mai 20,000mAh tana kamawa wajen 74Wh, ta wuce lafiya. Mai 27,000mAh tana bakin iyaka. Waɗannan manya-manyan masu 50,000mAh da ake tallarsu da fitila da igiyar ratayawa sun wuce ƙa'ida, na direba ne da mai kwana a tasha. Ka tabbata adadin yana rubuce ɓaro-ɓaro a jikinta, domin wadda rubutunta ya goge ma'aikaci yana da hurumin hana ta wucewa. Wasu kamfanonin, irin su Emirates, sun ma hana amfani da ita a cikin jirgi tun 2025, sai dai a riƙe ta kawai.

Wajen saya, ko a Farm Centre ta Kano ne, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ka ɗauke ta a hannu ka ji nauyinta. Wadda aka rubuta wa babban adadi amma ba ta da nauyi, ƙarya ce aka buga a jikinta. Ka sa a jona wayarka a gabanka ka ga tana caji da sauri, ka karɓi rasit. Araha ba ta ado, balle a kan batirin da zai kwana kusa da fasfo.

Sai adafta, wadda ƙarama ce amma tana fitar da mutum kunya. Soket ɗin Najeriya mai baki uku masu kusurwa irin na Ingila ne, kuma shi ake amfani da shi a Gana, Saudiyya da Dubai, don haka mai zuwa can bai cika buƙatar komai ba. Amma da ka tsallaka Maraɗi, ko Garwa, ko Injamena, sai ka tarar da mai ƙafa biyu zagayayyu irin na Faransa. Haka Masar da Turkiyya. Ƙasar Sin nata daban ne, Indiya ma haka. Adafta guda mai fitar da baki iri-iri, wadda ke da ramukan USB biyu ko uku, ta raba gardama. Abu ɗaya za ka sani: adafta baki kawai take sauyawa, ba ta sauya ƙarfin wuta. Amurka wutarta 120 ce, tamu 230. Cajar waya da ta kwamfuta yawanci suna ɗaukar duka biyun, za ka ga an rubuta 100–240V a jikinsu. Hita ko dutsen guga kuwa sai an duba.

Ga direban tirela ko tanka, ka duba cajar mota da kyau. Ƙananan motoci 12V suke bayarwa, manya kuma yawanci 24V. Cajar da ba a rubuta 12–24V a jikinta ba tana iya ƙonewa ranar farko.

Akwai ƴar na'urar bin sawun akwati da ake jefawa cikin kaya. Tana da amfani ga mai sauya jirgi a Addis Ababa ko Alƙahira, amma ka duba wayarsa tukuna. AirTag da iPhone take aiki, SmartTag kuma da wayoyin Samsung. Wanda ke riƙe da Tecno ko Infinix ka ba shi AirTag, ka ba shi maɓalli ne kawai mai tsada.

Mataki na huɗu: tsarki da salla

A nan ne kyauta mai arha take yin tasirin da mai tsada ba ta yi. Duk wanda ya taɓa sauka a filin jirgin wata ƙasa da ba ta Musulmi ba ya san wahalar banɗakin da babu famfon tsarki. Akwai ƴar buta ta roba mai laushi da ake matsewa ta koma kamar faifai, akwai kuma gora mai dogon baki da ake matsawa ruwa ya fito. Kowacce ka samu, saya. Ba abu ne da mutum zai roƙa da bakinsa ba, amma zai riƙa sa maka albarka a inda ba ka ji.

Darduma kuma ka nemi marar nauyi, irin mai santsi da ke naɗewa ta shiga aljihu, mai ɗan ƙarfe a kusurwoyi don kada iska ta ɗaga ta. Mai kauri irin ta Madina ta ɗaki ce. Direba kuwa tabarmar roba mai naɗewa ta fi masa, domin a kanta zai yi salla, a kanta zai miƙe bayansa a gindin mota a Tafa ko Mokwa, kuma ruwa ɗaya ake watsa mata ta fita.

Mai zuwa Umara a haɗa masa sabulu da man shafawa marasa ƙamshi saboda ihrami, da bel mai aljihu na ɗaure harami, da silifa mai taushi da ba ta zamewa a kan tayil, da ƴar jakar zuba takalmi mai igiya da zai rataya a baya lokacin ɗawafi. Turaren da ka yi niyya ka ajiye masa sai ya dawo. Af, batun turare: idan za ka ba mace mai yawan kwana a otal turaren wuta, ka tuna mata cewa yawancin ɗakunan otal a waje suna da na'urar jin hayaƙi a rufi. Kasko ɗaya zai iya tayar da bene guda, a kuma caje ta kuɗi.

Mataki na biyar: jiki da barci

Tafiya jiki take ci. Filon wuya, abin rufe ido da abin toshe kunne suna taimakon mai doguwar tafiya a jirgi ko a luksuriyas ta dare. Ka zaɓi filon da ake hurawa ko mai matsewa, domin mai kumburin nan rataye shi ake yi a jaka yana kwasar datti. Rigar sanyi marar nauyi ma tana da amfani ko da zafi ake yi, saboda sanyin esi na jirgi da na motocin dare ba ya tambayar wata.

Ga dattijo ko wanda ƙafarsa ke kumbura idan ya daɗe a zaune, akwai safa mai matse ƙauri da ake sayarwa a manyan kemis. Tana taimaka wa jini ya riƙa gudana. Tana da lamba kamar takalmi, don haka sai an auna, kuma mai ciwon suga ko matsalar jijiyoyin jini ya tambayi likita kafin ya fara sawa.

Direba kuwa ka tuna da bayansa da idonsa: matashin jingina baya, tabarau mai kare hasken rana na gaske ba na ado ba, cocila mai ɗaurawa a goshi don ya samu hannu biyu idan taya ta yi faci da dare, da filas mai riƙe zafi tun daga asuba har la'asar. Filas ɗin ya zama na ƙarfe ciki da waje. Mai gilashi a ciki ba zai kai Birnin Gwari ba.

Ƙaramar jakar magani ma kyauta ce: farasitamol, gishirin ORS, filasta, man zafi, maganin sauro na shafawa. Ka bar kowanne a kwalinsa na asali.

Mataki na shida: takardu, kuɗi da awo

Ƴar jakar fata mai zif da za ta ɗauki fasfo, katin rigakafin shawara, tikiti, katin banki da biro tana cikin kyaututtukan da ake daɗewa ana mora. Ba sai ka nemi ta waje ba. Dukawan Kasuwar Kurmi da na Sakkwato da Zinder za su ɗinka maka ita daidai yadda ka kwatanta, su ma buga sunan mai ita. Ka ce a yi ta siririya yadda za ta shiga aljihun gaba na kaftani, ko a sa mata igiya a rataya ta cikin riga ko ƙarƙashin hijabi. Ka roƙi a sa zif mai kyau, domin shi ne ke fara mutuwa.

Ɗan kasuwa kuma, babu kamar ƙaramin sikelin rataya mai batir, wanda ke auna har kilo 50. A ɗakin otal zai auna kowane akwati ya daidaita, maimakon ya tsuguna a gaban layi yana kwashe kaya daga wannan zuwa wancan jama'a na kallo. Ka haɗa masa da jaka mai naɗewa da za ta tafi a lanƙwashe ta dawo a cike, da bel mai launi na ɗaure akwati. Baƙaƙen akwatuna ɗari ne ke fitowa a kan bel ɗin filin jirgin Malam Aminu Kano, kuma wasu kayan da ake cewa sun ɓata ɗaukar kuskure ce.

Mataki na bakwai: idan guzurin ci za ka haɗa

Ga mai tafiyar cikin gida ko maƙwabta, wannan har yanzu ita ce sarauniyar kyauta, sai dai a yi ta da lura. A zaɓi busassun abubuwa: dambun nama da aka soya ya bushe ƙarau, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, aya, dabino, cincin, garin kunun gyaɗa da ruwan zafi kawai yake jira. A bar kowanne ya huce sarai kafin a rufe, domin tururin da ya maƙale a roba shi ke kawo fumfuna. A raba su ƙananan ƙulli maimakon babban mazubi guda, yadda zai buɗe ɗaya ya cinye, ya kuma samu na miƙa wa abokin zama. Daddawa da man shanu a ninka musu leda uku a sa a roba mai murfi, in ba haka ba duk kayan sawarsa za su yi ƙamshin miya har ya dawo. Idan mai hawan jini ne a rage gishiri da magi a dambun, idan mai suga ne a bar alkaki da nakiya a gida.

Mataki na takwas: lokacin bayarwa da yadda ake bayarwa

Ka kai kyautar kwana biyu ko uku kafin tafiya, lokacin da bai rufe jaka ba. Wanda aka tare a bakin mota da leda, ko dai ya tura ta inda za ta matse, ko ya bar ta wurin yara. Ka cire kwalaye da robobin da ke ƙara girma, ka yi cajin fawa bank ta cika, ka sa wa cocila da sikeli batir, ka gwada kowanne a gabansa. Idan dattijo ne, ka zauna ka nuna masa yadda bakin adafta ke fitowa da komawa, ka bari ya yi da hannunsa sau biyu. “Baba, wannan maɓallin za ku tura idan kun sauka Alƙahira” ta fi takardar bayanin da ke cikin kwali amfani.

Kada ka haɗa kyauta da saƙo. Da ka miƙa fawa bank ka bi ta da “don Allah idan ka je ka duba min waya mai kaza,” ka mayar da ita kafin alƙalami, shi ma ya gane.

Idan kuma aljihu bai ba da damar saye ba, ko mutumin irin wanda ya riga ya mallaki komai ne, akwai abin da ba a sa shi a jaka. Ka sa masa kati ko data ranar tafiya. Ka kai shi tasha ko filin jirgi da motarka, ka kuma tambayi ranar dawowa ka je ɗauko shi. Ka ce wa maiɗakinsa ta kira ka idan gas ya ƙare ko yaro ya yi zazzaɓi da dare, kuma idan ta kira ka ɗauka. Ka riƙa tayar masa da motar da ya bari duk bayan kwana uku don kada batir ya mutu. Mai zuwa ƙasar Sin kuma, inda WhatsApp da Facebook da Google ba sa aiki a kan layin ƙasar, ka zauna da shi kafin ya tashi ku sauke WeChat a wayarsa da ta gida, ku yi rajista, ku gwada kira ɗaya daga falo zuwa tsakar gida ku tabbatar murya tana fita.